Hannu Biyu

A ƙauyenmu, gindin tsaunukan Northumberland,
inda ruwa ba ya sallama kafin ya sauko,
babana Wilfred ya shekara arba'in yana gadin dajin wani mai ƙasa.
Bai taɓa ƙirga tsuntsu ɗai-ɗai ba.
Da magariba zai shigo, takalmi ya ƙoshi da taɓo,
ya ɗaga fakara biyu ɗaure da igiya guda,
namiji da tamata, wuya a jikin wuya,
ya ce da innata, "Enid, ga brace."

Na ɗauka sunan tsuntsu ne.

Sai na tsince ta a kafaɗarsa,
maɗauran nan biyu masu hana wandonsa faɗuwa.
Na tsince ta a rumbun ciyawa,
gungumen da aka tokare bango da shi
shekarar da iska ta so kwashe mana rufi.
Ina 'yar sha biyu likita ya ɗaure min haƙora da waya,
ya kira wayar da wannan suna,
na yi wata uku ina dariya a bayan tafin hannu.
Ran Asabar rediyo ya yi ihu,
wai ɗan wasanmu ya zura ƙwallo biyu,
nan ma ita ce dai.
Na ce, Baba, wannan kalma ba ta da gida ne?
Ko'ina aka leƙa tana zaune kamar 'yar gado.
Ya ce, "Tambayi masu boko. Ni rataya na sani."

Ban tambaya ba. Na girma, na tafi birni,
na bar kalmar rataye a ƙusar bayan ƙofa.

Inna ta rasu cikin hunturu.
Ya ci gaba da ɗora kofi biyu a tebur,
yana mayar da guda cikin kabad bayan shayi ya huce.
Kaka ta biyun bayanta, ɓarin jikinsa ya shanye.
A waya ma'aikaciyar jinya ta ce min in daddage,
in tokare zuciyata kafin in shigo,
kuma da kalmar nan ta faɗa.
Na same shi da ƙarfe ɗaure a ƙafar hagu.
Ban tambayi sunan ƙarfen ba, na riga na sani.

Daren nan, a ɗakin jira na asibiti,
tsakanin injin shayi da agogon da ke latti,
na bi sawunta cikin ƙamus kamar mai bin ɓatacciyar akuya.
Ashe baƙuwa ce.
Teku ta ƙetaro a bakin Faransawan da,
su kuma a hannun Rumawa suka gaje ta,
can a tushe ba ta san fakara ba, ba ta san wando ba,
hannu biyu kawai take nufi.
Hannu biyu a miƙe, gaba guda ta mai awon igiya.
Hannu biyu a naɗe, abin da suka kewaye ya tsaya.
Daga nan ta zama maɗauri,
maɗauri ya haɗa karnukan farauta biyu,
karnuka suka ba tsuntsaye aron suna.
Har rungumar Turawa a cikinta ta tsiro,
ita ce dai, an ƙara mata ɗankwali.

Da safe na kai masa labari.
Ya saurara da rabin fuska.
Ya ɗaga hannun dama, ya dubi na hagu
yana kwance kan bargo kamar tsuntsun da aka harbo,
ya ce da harshe mai nauyi, "Saura ɗaya."

Na ɗauki na hagun. Da sanyi, da nauyi,
da tabon tarkon da ya kama shi tun ban zo duniya ba.
Na ɗora shi a wuyana, na riƙe kada ya zame.
Na daman ya zagayo da kansa.

Mai kawo shayi ta tsaya a bakin ƙofa,
ta ce, kofi nawa?
Baba ya riga ni amsawa.